Haƙorin Ƙarshe na Ba-Yoyo

Haƙori ɗaya ya rage wa mijina a baki, na sama ta gefen hagu, kuma wannan haƙorin ne ya ci da mu shekara da shekaru. Ba tauna nake nufi ba, tauna ai an yi sallama da ita tuntuni. Da shi yake aiki. Wasu mazan da guminsu suke nema, nawa da haƙori ya nema, kuma duk direban babbar motar da ke bin titin nan zai ba ku shaida.

Bakanike ne, amma kada ku kawo masa birki ko giya, zai dube ku kamar kun kawo masa wankin jariri. Abu ɗaya ya sani, kan inji. Manyan injunan dizal na tirela da tanka, in aka farke su aka sake musu kayan ciki, akwai wani faifai da ake shimfiɗawa tsakanin gangar injin da kansa, gasket suke ce masa. Shi ke raba ruwan sanyaya inji da baƙin mai da wuta, kowa ya bi hanyarsa. In bai zauna daidai ba ruwa ya sulale cikin mai, man ya koma kamar shayi mai madara, mota ta tsaya a dokar daji tana huci, direba ya zauna a gindin taya yana tsine wa bakanike. To, mijina ba a taɓa tsine masa ba. Injin da ya rufe bai taɓa ɗigar da ruwa ba, shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, kowa Ba-Yoyo yake ce masa, har surukansa.

Ni ban nemi wannan ilimi ba, a gida aka ɗura mini shi. Ranar da na tare, kafin ya ce mini sannu da zuwa, sai ya zaro wani miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a bakin tukunyata, ya durƙusa yana leƙen ko haske na wucewa ta ƙasa. Ya ce bakin ya karkace, murfi ba zai taɓa zama ba. Sabuwar tukunya fil, ko wuta ba ta gani ba. Ya tafi da ita gareji aka goge mata baki, ta dawo mini gajera.

Kafin in yi haihuwar fari na haddace karatun kaf. Fuska biyu za a haɗa, to a wanke su tas, ba a rufe datti. A auna su da miƙaƙƙen ƙarfe, in haske ya wuce a kai a goge. Ramukan noti a busa su su bushe, don noti in ya zauna a kan mai ko ruwa ƙarya zai yi maka, ka ɗauka ya ɗauru alhali bai kai ba. Notin da ya tsufa ya miƙe a sallame shi. Kada a kuskura a shafa gam, gam a wurinsa aikin wanda ya san ya yi laifi ne. Sannan uwa uba ɗaurin kansa: daga tsakiya ake farawa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana fita gefe a hankali, zagayen farko sako-sako, na gaba a ƙara ƙarfi, har a kai inda injin yake so.

Da a gareji yake barin wannan karatu, da da sauƙi. Maɓallin rigar yara daga na tsakiya yake farawa. In ya shiga wuri ya tarar da mutane jere a kan benci, na tsakiya zai fara miƙa wa hannu, sai na damansa, sai na hagunsa, sako-sako, sannan ya dawo ya sake zagayawa da ƙarfi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai zaman gefe ne saboda ciwon ƙafa, har ya koma ga Allah bai taɓa samun gaisuwar surukinsa da wuri ba. Na yi faɗa, na yi ƙorafi, na yi yaji na dawo da ƙafata. Shi dai sai murmushi, ya ce, "Rediyo, rage murya." Sunan da ya sa mini ke nan tun muna da ƙuruciya, wai ni ba na mutuwa sai an ɗauke wuta.

Ana nan sai kunnensa ya fara tafiya, mutumin da ya ƙare rayuwarsa kansa a cikin inji. Da farko na ɗauka halin maza ne, su ji an ce abinci ya sauka amma kada su ji an ce gishiri ya ƙare. Sai ranar da faranti ya faɗo a bayansa ya tarwatse bai ko waiwaya ba, nan na gane kunnen ne da gaske. Hannuwan ma guduma da dizal sun kashe su, zai riƙe kofin shayi mai zafi bai sani ba sai ya ga fata ta tashi.

Matsalar ita ce sifanar ɗauri. Doguwa ce kamar taɓarya, ana saita ta, in noti ya kai ƙarfin da ake so sai ta ce ƙas, ka tsaya nan take. In ka tsaya kafin ƙas ruwa ya sami hanya. In ka wuce ƙas noti ya miƙe ko ya tsinke a ciki. Duk sana'ar mijina a kan wannan ƙas ɗin take, ga shi kunne ba ya ji, hannu ba ya ji.

Garejin na ƙaninsa ne, autan gidansu, ƙato mai tumbi wanda har gobe Auta nake ce masa. Auta ya ce shi zai zama kunnen Yaya, zai tsaya a gefe, in ya ji ƙas ya ɗaga hannu. Notin farko lafiya lau. A na gaba wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga hannu ya kai ta kunne, Yaya ya tsaya noti bai kai ba. A na gaba kuma ƙas ta yi yana ciniki a waya, ɗayan hannun na sosa tumbi, Yaya ya ci gaba da ja har noti ya tsinke. Daga ranar mijina ya rantse ba zai sake aron kunnen kowa ba. Ya dawo gida ya zauna kamar kaza mai mura, ba ci ba magana, sai bin ƙofofi da tebura da miƙaƙƙen ƙarfe.

Wata safiya yana zaune da cokali a baki, gindin cokalin ya taɓa tebur, ni kuma na zo na dire kwano a teburin da fushi. Sai na ga ya zabura.

Ya ce, "Sake."

Na yi masa alama da hannu, in sake me?

"Dire kwanon nan."

Ranar sai da na dire kwano har gindinsa ya lotsa, shi yana cije da cokali yana ƙyalƙyala dariya. Ashe ƙara tana bi ta haƙori ta shiga ƙashin kai. Ya gwada da goshi, ya gwada da haɓa, ya ce duk dishi-dishi suke kawo ƙarar, haƙori ne kaɗai ke kawo magana tsaf. Kafin azahar ya lanƙwasa wani siririn ƙarfe, gefe ɗaya a wuyan sifana, ɗayan a bakinsa. Ya koma aiki, injuna suka ci gaba da fita ba ɗigo.

Sai dai haƙorin ɗan Adam ba don wannan aka halicce shi ba. Wanda ya sha ƙas ya sha ƙas sai ya fara girgiɗi, wata rana ya faɗo a cikin shayi, mijina ya matsa zuwa na gaba. Kuma kun san daga ina ya fara, daga na tsakiya mana, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana fita gefe a hankali. Haka bakin ya ƙare bisa tsari, har aka zo kan na ƙurya.

Da direbobi suka gane saura ɗaya, sai hankalinsu ya bar jikinsu. Ba a ƙara tambayar mijina ya iyali ba, gaisuwarsa ta koma, "Ya haƙori?" Kafin mutum ya yarda a sauke injinsa sai ya ce Ba-Yoyo ya buɗe baki, wani har da tocila yake zuwa. Suka yi zama suka haramta masa rake da ƙashi da gasasshiyar masara. Na ji labarin ranar da wani ya buge masa tsokar nama daga hannu a tsakiyar titi, sannan ya durƙusa yana ba shi haƙuri. Ayaba kuwa nono-nono ake sauke mana a ƙofar gida, har labulena ya koma warin ayaba. Wani dogon direban tanka ya kawo masa hular kwano, wai ya riƙa sawa ko banɗaki za shi, kada santsi ya kwashe shi. Ni da na haifa masa 'ya'ya ba wanda ya taɓa tambayar ya bayana.

A tsakanin nan ne famfon kicin ɗina ya fara ɗiga. Akwai babbar tasar ƙarfe da aka kafa a bango a ƙarƙashinsa, nan nake wanke-wanke, kuma ɗigon nan tal, tal, a kan ƙarfe, yana shiga mini har tsakar ka. Na jawo mijina na nuna masa. Ya dubi famfon, ya je ya ɗauko 'yar kujera da siririn ƙarfensa, ya cije, ya jingina ɗayan gefen a bakin tasa, ya lumshe ido. Ya ce yana sauraron ciwon.

Jama'a, shekaru mutumin nan ya yi yana sauraron ciwon famfo. Kullum bayan la'asar in na tsaya wanke-wanke zai zo da kujerarsa. Ni kuma tunda na san ba ji yake ba, me zai hana? Sai in jingina da tasa in buɗe masa wuta. In fara daga famfo, wai Ba-Yoyo guda gidansa na yoyo, in gangara kan ayaba, in hau kan Auta da tumbinsa, in bi mazan 'ya'yanmu ɗaya bayan ɗaya, in dawo kan tukunyata da ya gajarta. In na gama ɗauraya sai ya zare ƙarfe ya girgiza kai ya ce, "Ciwon nan mai zurfi ne, sai gobe." Da na gaji na kira mai gyaran famfo, a bakin ƙofa ya tare shi ya mayar da shi, har da raka shi bakin titi don ya tabbata ya tafi.

To, haƙorin nan na ƙarshe shi ne ya ruɓe. Kuncin hagu ya kumbura har ido ya shige, baki ba ya rufuwa, zazzaɓi ya sauka. Na tasa shi a gaba sai wurin likitar haƙori, wata baiwar Allah mai sanyin hali. Ta leƙa ta ce mini ya ruɓe har saiwa, ruɓar ta fara gangarawa wuya, in ba a cire ba za ta shiga jini, daga nan kuma ba aikin haƙori ba ne. Ta ɗaga masa abin cirewa don ya gane. Mijina ya dube shi, ya ɗora tafin hannu a baki, ya sauko daga kujera ya fice, da ƙyallen asibitin a wuyansa.

Auta ne ya kawo shawarar haƙoran roba. Aka yi masa jere guda fari tas, ya yi kyau har na ɗan ji kunyarsa. Ya je gareji ya cije ƙarfe da su, ya ce babu abin da yake ji sai ɗanɗanon roba. Ya ƙara cizawa da ƙarfi, haƙoran suka fizge suka yi tsalle suka faɗa cikin injin wata tirela. Sai da aka kwance kaskon mai na ƙasa aka tsamo su, baƙi ƙirin, suna murmushi.

Washegari direbobi suka yo tawaga har falona, dogon nan na tanka a gaba, kowa ya cire takalmi ya zauna a ladabce.

Dogon ya ce, "Mama, mun san da ciwo. Amma injina a buɗe yake. A bar shi ya rufe wannan kawai, daga shi shi ke nan."

Na ce, "In ya mutu a kan injin naka, kai za ka zauna mini a kujerarsa?"

Ya ce ai ba a fata. Wani daga baya ya ce ko za a iya cire rabi a bar rabi. Ban san lokacin da lema ta zo hannuna ba, na dai ga falo ya zama fili, takalma a watse a bakin ƙofa. Da suka tafi na zauna a ƙasa, tsoro ya rufe ni. Na yi shekaru ina cewa mutumin nan shi zai kashe ni, ban taɓa kawowa a raina cewa shi zai iya riga ni ba.

Da safe na kawo masa ruwan ɗumi na tarar da gado wayam, siririn ƙarfen ma ba ya kan taga. Na yafa mayafi, na ɗauki lemata, na nufi garejin da ban taɓa takawa ba tunda aka yi aurenmu.

Na shiga da niyyar in tara musu jama'a, amma shirun wurin ya tsayar da ni. An kashe janareta, an hana mai walda aiki, direbobi sun jeru a jikin bango kamar masu dubiya. Injin tankar na tsakiya, ya fi gadona girma. Mijina na kansa, fuska a kumbure, jiki na rawa, amma hannun bai manta komai ba. Ya goge fuskar injin har tana ɗaukar ido, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ya leƙa, ya bi ramukan noti da iska ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa gasket a hankali yadda ban taɓa ganin ya shimfiɗa 'ya'yansa ba. Aka sauko da kan injin da sarƙa ya zauna. Ya shafa wa notocin ɗan mai, ya jera su, ya ɗauki sifana, ya cije ƙarfe.

Ya ja na tsakiya. Sifana ta ce ƙas, sai na ga ya dafe injin, zufa ta keto masa. Ƙarar nan ta cikin ruɓaɓɓen haƙori ta bi. Ya miƙe ya koma na dama, ƙas, wannan karon jini na gani yana bin ƙarfen. Ga notoci jere gaba da baya ba iyaka, kuma kowanne sai an zagayo shi an sake zagayowa. Direbobi kowa ya sunkuyar da kai, amma ba wanda ya ce a bari.

Ni kuwa daga inda nake tsaye ina jin ƙas ɗin nan tsaf, kunnena ai ko ƙus aka yi da ni a gidan maƙwabta sai na ji. Na ratsa su na fizge ƙarfen daga bakinsa na soke a ƙuguna. Na tsaya a bayansa, na nuna masa sifana, na nuna kunnena, na ɗaga lema. Ya girgiza kai. Na sake ɗaga lema. Ya dubi Auta, ya dube ni, ya daɗe yana tunani, sannan ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa.

"Ita dai ba ta taɓa makara wajen kama laifi ba."

Ya ja. Ƙas. Na sauke masa lema a kafaɗa, ya tsaya cak. Ya saki sifana ya duba notin, ya gyaɗa kai, ya koma na hagu. Haka muka bi injin nan daga tsakiya zuwa gefe, shi da sifana ni da lema, zagaye bayan zagaye, kuma da yake an ce kowane zagaye a ƙara ƙarfi, ni ma na ƙara. Na rama wa tukunyata, na rama wa mahaifina, na rama warin ayaba. Kafin mu kai notin ƙarshe lema ta zama ƙarafa.

Suka cika lagireto, tankin sanyaya inji, da ruwa, suka buga masa iska suka zuba wa allurar ma'auni ido, ba ta motsa ba. Aka tayar da injin ya yi zafi, ruwa bai yi kumfa ba, aka zaro ma'aunin mai ya fito yadda aka zuba shi. Dogon direba ya zauna a ƙasa yana share fuska da hula. Auta ya matso yana washe baki ya ce, "Matar Yaya, ashe haƙori na gida muna ta wahala. Gobe da wane lokaci za ki fito aiki?" Na ce ya fara sayo mini lema.

Na ɗauka magana ta ƙare. Tunda ga kunne ya samu, me ya rage? A gaban tankar aka ɗauke mu zuwa asibiti, muka zauna a bencin jira. Sai na waiwaya na ga mutumina ya sake ɗora hannu a baki, idon nan guda da ke buɗe yana kallon ƙofar fita. Raina ya ɓaci, na buɗe masa hannuwa, wato yanzu kuma me?

Ya miƙo hannu ya zare ƙarfensa daga ƙuguna. Ya goge shi da gefen riga, ya cije a hankali yana runtse ido, ya ɗora ɗayan gefen a kan ƙashin wuyana. Maganar ta fito ta gefen baki, da ƙarfi, duk masu jira suna ji.

"Rediyo, famfon nan roba ce ta cinye. Tun ranar farko na sani."

Ya gyara zaman ƙarfen ya ci gaba.

"In kin jingina da tasa, muryarki na bi ta cikinta. Duk ina ji. Abin da kika ce a kan Auta gaskiyarki ne. Na mijin babbar 'yarmu ma gaskiyarki ne. Na ji ranar da kika ce in na riga ki tafiya ba za ki yafe mini ba." Ya ƙara danna ƙarfen a wuyana. "Inji kin ɗauke mini. Wannan fa, wa zai ɗauke?"

Kunya ta fara kama ni, don na faɗi abubuwa a gaban tasar nan da ko katifata ban gaya wa ba. Bayan kunya sai wani baƙin ciki ya danne mini ƙirji. Shekaru ina zagin mutum a kan famfo, ashe hira yake zuwa.

Ya ce, "Kunna mini, kafin su kira."

Ni da aka ce ba na mutuwa sai an ɗauke wuta, na buɗe baki babu ko kalma. Mata biyu a bencin gaba sun juyo, wani tsoho ya sauke hannu daga kuncinsa yana jira. Da ƙyar na kamo bakin zaren inda na saba, na ce masa mugu ne, ya bar ni da ɗigo yana shiga mini ka. Na ce ya gajarta mini tukunya. Na ce ya wulaƙanta mahaifina a kan benci. Na ce ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba, kuma Allah ya bar mini shi, da haƙori ko babu, yana ji ko ba ya ji. Idonsa a lumshe, kowace kalma tana bi ta cikin ciwon, ina ganin kuncinsa na motsi, amma bai zare ƙarfen ba.

Likita ta fito bakin ƙofa ta gan mu a haka. Ta tsaya da hannu a aljihu har na kai aya. Shi da kansa ya zare ƙarfen, ya damƙa mini, ya bi ta ciki.

Haƙorin kuwa Auta ya so a rataye shi a ƙofar gareji, direbobi suka so a riƙa ba da aronsa ga mai doguwar tafiya. Na ƙulle abina a gefen zane na ce kowa ya je ya cire nasa. Kumburi ya sauka, zazzaɓi ya tafi, muka fara fita aiki tare, shi da sifana ni da sabuwar lema.

Wata ranar kasuwa na dawo da kaya, na shiga kicin na ji wani abu ba daidai ba. Na ajiye kwando na saurara. Shiru. Famfo a bushe ƙarau, an sa masa sabuwar roba, an goge shi yana ƙyalli, tasa ko danshi babu. 'Yar kujerar nan da ta yi shekaru a gefen tasa an ɗauke ta an mayar ɗaki. Ban taɓa tsanar aiki mai kyau kamar wannan ba.

Sai na je akwatin kayan aikinsa na ɗauko ƙaramar sifana, na kama wuyan famfon na sassauta shi kaɗan, har ya ce tal. Na same shi a ɗaki yana kallon bango, na kamo hannun rigarsa na jawo shi, na nuna masa. Ya dubi ɗigon, ya dubi sifanar da na kasa ɓoyewa a bayana, ya dube ni. Ya juya ya fita.

Sai ga shi da kujera da ƙarfe. Ya zauna, ya sa ƙarfen a dasashi, ya jingina shi da bakin tasa, ya lumshe ido. Na san ba abin da yake ji, shi ma ya san na sani. Na tara kwanuka, na jingina da tasa sosai, na fara daga kan tukunya.